Kafin Ka Sayi Injin Gashin Nan, Ɗana

Ɗana, tun da ka ƙudura niyyar faɗaɗa sana'arka ta abinci, har ka fara tambayar kuɗin injin gashi mai marfi, irin wanda masu shawarma ke danne naɗinsu a cikinsa suna ce masa tosta, to Allah ya sa albarka, ya sa ka fara a sa'a. Na san kuɗin da za ka kai kasuwa ba tsintarsu ka yi ba. Wataƙila adashi ne ka ɗauka, wataƙila wani ɗan'uwa ne ya ranta maka saboda ya yarda da kai, shi ya sa nake so ka ba ni aron hankalinka kafin ka miƙa su ga mai shago. Ke ma 'yata, mai girkin biki da suna da taron ofis, ki matso kusa, maganar ta shafe ki.

Yawancin waɗanda na ga sun yi da-na-sani a wannan saye, injin da suka ɗauko lafiyarsa ƙalau, shagonsu ne kawai bai dace da shi ba. Saboda haka sayen injin daga cikin shagonka yake farawa, tun ba ka taka kasuwar Sabon Gari ba, tun ba ka aika wa wani kuɗi zuwa Alaba a Legas ba. Ka sami littafi da biro, ka zauna daga bayan la'asar har bayan isha a ranar da ka fi ciniki, ka riƙa rubuta ko naɗi nawa aka nema a kowace awa. Shawarma, tun da ta shigo mana ta hannun 'yan Lebanon mazauna garuruwanmu har ta zama abin kowa, sana'ar yamma ce, cinikinta yakan taru wuri guda tsakanin magariba da ƙarfe goma, ya kuma ninka a watan azumi da kwanakin sallah. Wannan awar da layi ya yi tsawo, kowa ya zuba maka ido, wani na tsaye da makullin babur a hannu yana duba agogo, ita za ka saya wa inji. Sauran awannin ko wane inji ma zai iya da su.

Lissafin ba shi da wuya. Idan farantin injin na ɗaukar naɗi 3 a lokaci guda, kowane zubi kuma na cin minti 4, to a awa guda za ka fitar da 45, in ba a yi jinkiri ko na ɗan lokaci ba, alhali ka san dole a buɗe, a kwashe, a goge, a sake jerawa. Ka rage kashi ɗaya cikin huɗu saboda wannan, sannan ka kwatanta abin da ya rage da abin da ke cikin littafinka. In littafin ya ce 30 ne, inji mai faranti ɗaya ya ishe ka, kada son a ce shagon wane ya cika ya sa ka kinkimo wanda ya fi ƙarfin cinikinka da ƙarfin wutarka. In kuwa ya ce 70 ne, to kada ka cuci kanka da ƙarami don ka rage 'yan dubbai, domin mutumin da ya tsaya rabin awa yana jiran abin da zai kai wa iyalinsa ba zai yi maka faɗa ba, gobe dai zai tsaya a shagon da ke gaba.

Jarrabawar farko da za ta tare ka a kasuwa ita ce injin gida. Za ka gan shi a kanta yana sheƙi, ga shi mara nauyi, ga kuɗinsa bai kai rabin na sana'a ba, mai shago kuma zai ce maka ai aikinsu ɗaya. Irin waɗannan sun cika duniya tun daga 1994, lokacin da aka fito da wanda ke ɗauke da sunan ɗan damben Amurka George Foreman, wanda aka sayar da fiye da miliyan 100 nasa, kuma ba ni da abin cewa a kansu a ɗakin girkin uwargida, inda za a kunna na 'yan mintuna a gasa wa yara burodi a kashe. Amma farantinsu siriri ne, jikinsu roba, kuma an shafe fuskar farantin da wani baƙin shafi mai hana abinci kamawa, wanda ke fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Selshiyos, yake kuma ɓarewa da zarar cokali ko wuƙa sun karce shi. Ka ɗora masa awa biyar kowane dare, cikin 'yan watanni shafin ya fara bin abincin mutane, marfin ya saki. Garantin da aka ba ka ma, in ka karanta takardar, galibi za ka tarar an rubuta cewa ya faɗi idan aka yi sana'a da injin. Magabata sun ce araha ba ta ado, a nan kam ko riba ba ta yi.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan faranti, domin a nan ingancin injin yake. Duk lokacin da ka ɗora naɗi mai sanyi, da kabejinsa da bamarsa da naman da ya huce, faranti na ba shi zafinsa, shi kuma ya yi ƙasa. Abin tambaya shi ne, yaya saurin dawowar zafin kafin zubi na gaba? Ka tuna da tandar mai waina: mai kauri tana daɗewa kafin ta ɗauki wuta, amma in ta ɗauka, a zuba ƙullu a kwashe a sake zubawa, wainar farko da ta ƙarshe launinsu ɗaya. Haka farantin baƙin ƙarfe na zubi yake. Yakan ci minti 10 zuwa 20 kafin ya kai zafin aiki, nauyinsa kuma ba na wasa ba ne, mai faranti ɗaya ma yakan kai kilo 15 zuwa 25, amma in ya yi zafi ya yi ke nan, layi ba ya karya shi. Alminiyam kuwa ya ninka baƙin ƙarfe kusan sau huɗu wajen saurin gudanar da zafi, don haka nan da nan yake ɗauka, nan da nan kuma yake saki. Yana da amfani ga wanda cinikinsa jefi-jefi ne, a kunna a yi biyu a kashe, da kuma ke 'yata da kike ɗaukar kayanki a bayan mota daga wannan ɗakin taro zuwa wancan. Akwai na uku mai farantin gilashi na musamman, mai saurin zafi da sauƙin gogewa, sai dai yana da tsada, kuma ranar da wani abu mai nauyi ya faɗa masa ya tsage, samun madadinsa a nan aiki ne. Ni dai in ka tambaye ni, ga mai shago tsayayye da ke da layi da daddare, baƙin ƙarfe nake zaɓa maka, kuma ka sa hannu biyu ka ɗaga injin a gaban mai shago. In ka ɗaga shi kamar kwali, ka san babu ƙarfen kirki a ciki, ko me aka rubuta a jikinsa.

Sai maganar wuta, wadda a ƙasarmu ita ce ke raba mai inji da mai kayan ado. A bayan kowane inji ko ƙarƙashinsa akwai ɗan allo da aka rubuta ƙarfin wutar da yake ja, ka nemi a juya maka shi ka karanta da idonka. Mai faranti ɗaya na sana'a yakan ja wat 1,800 zuwa 2,200, mai biyu kuma yakan kai 3,600. Wutar Najeriya volt 230 ce, soket ɗin bango mai ido uku da muka saba da shi kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato iyakarsa kusan wat 3,000. Ka ga ke nan mai faranti ɗaya zai shiga, mai biyu kuwa ya fi ƙarfinsa, domin yana neman kusan amfiya 16. Wanda bai san wannan ba sai ya jona, ya ga yana aiki, ya yi murna, alhali fulogin na ta ɗumi a hankali kowane dare, robar na narkewa, har ranar da za a ji ƙauri a ga baƙi ya zagaye soket ɗin. Daga nan zuwa gobara babu nisa, kuma shagonka ba shi kaɗai ba ne a layin, akwai tela a damanka, akwai mai kayan masarufi a hagunka, dukiyarsu da tasu rayuwar na rataye da wayar da ka ja. Ka kira mai aikin wuta na gaske tun kafin saye, ya duba wayarin shagon, ya ja wa injin layinsa daban da waya mai kauri da abin katse wuta nasa, ya kuma tabbatar da cewa waya ta uku, wadda ke zubar da wutar da ta kauce zuwa ƙasa, tana aiki. Jikin injin ƙarfe ne, yaronka kuma da jiƙaƙƙen hannu yake taɓa shi. Wayar jona mai araha da ake cajin waya da ita, kada ma ka bari ta kusance shi.

Akwai wani abu da ke sa mutane su zargi inji alhali ba shi da laifi. Idan wuta ta zo da rauni, zafin da injin ke bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi. In volt 230 ta sauko zuwa 180, kamar yadda takan yi a unguwanni da yawa daidai lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna kayansa, injin wat 2,200 zai koma ba da kusan 1,350 kawai, wato ya rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa a daidai awar da kake buƙatarsa. Don haka ka sa a auna maka wutar shagonka da ƙarfe takwas na dare, domin awon da aka yi da hantsi ba zai gaya maka gaskiyar dare ba. Janareta kuma, wanda aka rubuta masa 2.5 kVA, abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 2,000 ba, ka ga injin gashin shi kaɗai ya cinye shi, ba a yi maganar firji da fanka da fitilu ba. Masu tunanin sola su ma su yi lissafi: batir mai volt 12 da amfiya 200, ko da za a tatse shi tas, abin da ke cikinsa bai fi ya riƙe irin wannan injin awa guda da 'yan mintuna ba, batirin ruwa kuma in ana tatse shi haka ba ya daɗewa.

Kuɗin wutar ma ka sa shi a lissafi tun yau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake kunnawa da tunani, a watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya na 'yan rukunin Band A zuwa naira 225. A wancan farashin, inji mai wat 2,200 da ya yi awa 5 yana jan wuta ba tsayawa zai ci yunit 11, wato naira 2,475 a dare guda, sama da naira 74,000 a wata. A aikace ba zai kai haka ba, in yana da makunnin daidaita zafi mai kyau, wanda ke katse wutar da kansa idan faranti ya kai zafin da ka sa, ya mayar idan ya sauka. Na sana'a galibi daga digiri 50 zuwa 300 suke, ka tabbata naka yana da shi kuma yana aiki. Wannan lissafin ne ya sa nake ganin, ga mai cinikin da ya fi ƙarfin faranti ɗaya, gara ya sayi ƙanana biyu da ya sayi babba guda, in yana da fili a kan tebur. Da rana ka kunna ɗaya, da daddare ka ƙara na biyun, kowanne a nasa soket da nasa layin, ranar da ɗaya ya lalace kuma shago bai rufe ba. In babban za ka saya, to ya zama kowane gefe da makunninsa. Wanda kuma wutar unguwarsu ba abin dogaro ba ce sam, akwai inji mai aiki da gas, amma ya sani cewa zafinsa da hannu da ido ake sarrafa shi, kuma yana son wuri mai iska, da tiyo da kan tukunya masu inganci da ake dubawa da ruwan sabulu.

Siffar faranti ba sai na ja ta ba. Mai layi-layi yana zana wa burodi ratsin nan da ke jan ido, yana kuma barin mai ya gangara, amma wankinsa da wuya. Shafaffe yana taɓa abinci ko'ina, yana gasa ƙwai da nama da albasa, gogewa ɗaya ta ishe shi. Da yawa sukan zaɓi mai layi a sama, shafaffe a ƙasa, kuma zaɓi ne mai kyau ga wanda ke sayar da abu fiye da ɗaya.

Marfi dai ka tsaya ka dube shi da kyau, domin shi ne ake ɗagawa a sauke sau ɗaruruwa a dare. Ka sa wani abu mai kauri kamar naɗin shawarma a tsakiya ka sauke marfin. Na ƙwarai yana sauka a shimfiɗe, ya danna gaba da baya daidai. Wanda mahaɗinsa a kafe yake sai ya matse bayan naɗin har miya ta fito, gaban kuma ko taɓa shi bai yi ba, ka fito da abu rabi ƙonanne rabi fari. Ka ɗaga shi zuwa rabi ka saki, ka ga ko sifirinsa na riƙe shi, domin marfin baƙin ƙarfe mai zafin digiri 250 in ya faɗo a bayan hannun yaro, tabon har abada ne. Ka jawo tiren da ke tarar mai ka ga ko yana fita cikin sauƙi, ka taɓa mariƙin ka tambaya ko yana ɗaukar zafi.

Kada kunya ta hana ka cewa a kunna maka shi a shagon. Ka tafi da burodinka, ka jira ya yi zafi, ka jera yanka a kusurwa huɗu da tsakiya ka rufe, launin da suka fito da shi zai nuna maka inda faranti ke da zafi da inda yake da sanyi, gani ya kori ji. Ka kasa kunne ka ji ƙarar ɗan makunnin nan lokacin da ya katse wuta. Sannan ka yi tambayar da mutane ke mantawa da ita: in ƙarfen da ke ɗaukar zafi a ciki ya ƙone, ko makunnin ya mutu, a ina ake samun wani, wa ke sawa? Waɗannan biyun su ne suka fi lalacewa, kuma inji mai suna kamar Roller Grill na Faransa ko Sirman na Italiya, duk da ingancinsa, in babu kayan gyaransa a kusa zai iya zama wata guda a ƙarƙashin tebur, alhali na China mai matsakaicin kuɗi da kowane mai gyara ya san cikinsa ya koma aiki washegari. Na gwanjo ma akwai na kirki a cikinsu, amma ka karanta allon bayansa da kyau, domin wanda ya fito daga Amurka sau da yawa na volt 120 ne, in ka jona shi a wutarmu kai tsaye zai ƙone nan take. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sharaɗin mayarwa a rubuce, ko da mai shagon abokinka ne, don rubutun ne zai tsare muku zumuncin in wani abu ya faru.

Ina so kuma ka yi tunanin wanda zai wanke shi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan ya wuni a tsaye. Injin da wankinsa ke da wahala ba a wanke shi, wannan halin ɗan Adam ne, kuma maiƙon jiya da ya kwana a cikin layukan faranti shi ne ɗacin da mai saye zai ji gobe ya kasa gane daga ina yake. Ka saya wa yaron makankari da buroshin ƙarfe, ka koya masa ya kankare tun faranti na da ɗumi, ya goge, ya shafa mai kaɗan don kada tsatsa ta kama, musamman da damina. Ka gargaɗe shi da babbar murya kada ya kwara ruwan sanyi a kan baƙin ƙarfe mai zafi don ya yi sauri, faranti na iya tsagewa, ruwan kuma ya gangara cikin wayoyi. Yaron nan ɗan wani ne aka ba ka amanarsa, ka nuna masa da hannunka sau biyu sau uku cikin haƙuri, ya fi ka zo da safe kana faɗa.

Abu mafi nauyi na bar shi zuwa nan. Injin nan gwani ne wajen gyara bayan abinci, cikin minti uku zai ba ka burodi ja mai ƙamshi da ratsi, alhali zafin bai ratsa tsakiyar naɗin sosai ba. In naman kajin da ke ciki bai dahu ba tun farko, ko ya wuni a buɗe cikin zafin Kano tun azahar, ko bamar ta kwana ba firji, dannawar minti uku ba za ta gyara shi ba, za ta dai rufe shi da kyakkyawar fuska. Mai saye ba ya ganin ciki, ya ba ka kuɗinsa ne bisa yarda, ya kai wa mai ciki ko tsohuwa ko ƙaramin yaro. Naman kaza sai tsakiyarsa ta kai digiri 75 ake cewa ya dahu, kuma akwai ɗan ma'aunin zafi mai tsinke da ake soka wa nama, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka haɗa shi cikin kuɗin injin ka saye su rana ɗaya. Na san ba ka da niyyar cutar da kowa, gaggawa ce da tsawon layi ke sa mutumin kirki ya ce ai ya yi, a ba shi haka. In ka sayi inji daidai da awar cunkosonka, ka rage wa kanka wannan gaggawar tun daga tushe.

Ranar da injin ya iso, kada ka fara da masu saye. Ka wanke man masana'anta da aka shafe farantin da shi, ka busar, ka shafa man girki siriri, ka kunna ya yi hayaƙinsa ya gama a wuri mai iska, ka maimaita har fuskar ƙarfen ta yi baƙi mai sheƙi. Sannan ka yi naɗi kamar goma irin wanda kake sayarwa, ka gwada su a zafi daban-daban kana duba agogo, ka yanka kowanne biyu ka soka ma'auni a tsakiya, waɗanda suka yi kyau ka raba wa maƙwabtan shago su gaya maka gaskiya. Lambar zafin da mintunan da suka ba ka abin da kake so, ka rubuta su da manyan baƙaƙe a kwali ka manna a bango daidai kan injin, inda yaron zai riƙa gani ko kana nan ko ka tafi masallaci.